Semi-active: Shin Rabin Aiki Rabin Alhaki Ne?

A kowane harshe akwai kalmomin da aka ƙera don awo, sai mutane suka mayar da su mafaka. Ingilishi yana da ɗaya da nake so mu zauna a kanta, ita ce semi-active. Ƙamus zai ba ka ma'anarta a layi guda: abin da ke aiki amma ba gaba ɗaya ba. Ana faɗarta a kan mamban ƙungiya mai zuwa taro jefi-jefi, da dutsen aman wuta wanda bai yi barci ba bai kuma tashi sosai ba, da tsohon ɗan kasuwa da ya miƙa wa ƴaƴansa shago amma yakan leƙo ranar kasuwa ya duba lissafi. Injiniyoyi su ma suna da tasu ma'anar, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Tambayar da ta sa na ɗauko kalmar ita ce: idan mutum ya yi rabin aiki, rabin alhaki ne ke kansa? Ina ganin ba haka ba ne, kuma tarihin kalmar kansa zai taya ni kare wannan ra'ayi.

Mu fara da yadda ake furta ta. Gaɓa huɗu ce. Mutumin Ingila zai ce "semi-aktiv", Ba'amurke kuwa sau da yawa yakan ja gaɓa ta biyu ya ce "semai-aktiv". Harafin e na ƙarshe rubutu ne kawai, ba a furta shi. Sautin da ke rufe kalmar, wato v, babu shi a Hausa. Ana yin sa ne idan leɓen ƙasa ya taɓa haƙoran sama murya na fita. Bahaushe yakan mayar da shi b, kamar yadda muka yi a direba da talabijin, don haka "semi-aktib" za ka ji a bakin mutumin zangon Kumasi ko na Akara. Wanda ya yi lakkol a Maraɗi, Garwa ko Injamena kuwa, Faransanci ne zai ja harshensa, ya ce "semi-aktif", ya jefa nauyin muryar a ƙarshe. A Ingilishi nauyin yana kan gaɓa ta uku, wato "ak". Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Murya tana wuce rabin da sauri ta sauka a kan aikin, ta yadda mai sauraro zai tafi da "aktib" a kunnensa, shi kuwa mai magana ya ajiye "semi" a aljihu don ranar da za a tuhume shi.

Kalmar haɗi ce ta sassa biyu, kuma duka biyun daga Latin suke, harshen Rumawan da. Semi na nufin rabi. Tana da ƴan uwa na jini: Girkawa suna cewa hemi, tsohon harshen Indiya na Sanskirit yana da sami, kuma masana harsuna sun nuna cewa dukansu daga kaka ɗaya suka fito. Faransanci ya bi wata hanya ya samo demi daga wata kalmar Latin, dimidius, abin da aka tsaga a tsakiya; duk mai sauraron sharhin ƙwallo a rediyon Yamai ya san ta. Ingilishi, da yake ba ya ƙin aro, ya kwashe duka ukun, har ya jera su a kalma ɗaya. Masana kiɗa na Ingila suna kiran wani ɗan gajeren sauti hemidemisemiquaver, wato rabin rabin rabin wani sauti da shi kansa kashi ɗaya ne cikin 8, sai ya koma ɗaya cikin 64. Tsohon Ingilishi ma yana da tasa kalmar, sam, wadda ta mutu ta bar sawu a cikin sand-blind. Asalin ma'anarta "rabin makaho", amma da mutane suka manta da sam sai kunnensu ya ji sand, wato yashi, suka ɗauka wanda yashi ya shiga wa ido ake nufi. Ɗalibai kuma su kula, semesta ba ƴar wannan gida ba ce. Tushenta kalmomin Latin ne na "shida" da "wata", wato wata shida.

Sashe na biyu, active, ya shiga Ingilishi ta hannun Faransanci a ƙarni na 14, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan mutanen Nomandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A farkon shigarta an fi amfani da ita wajen bambanta rayuwa iri biyu: ta mai shiga jama'a yana hidima, da ta mai keɓewa yana tunani da ibada. Idan aka ƙara tono za a iske aikatau na Latin, agere, wanda kafin ya ɗauki ma'anar "yi" ko "aikata", ma'anarsa ita ce kora, musamman kora dabbobi gaba. Daga wannan saiwa muka sami ajanda, wato abubuwan da za a aikata, da ejan mai aikatawa a madadin wani, da aktan da yara ke yi wa tafi a fim idan ya gama da bos.

To, mu mayar da sassan biyu ma'anarsu ta fari mu ga abin da za su ba mu: rabin korar shanu. Makiyayi yana iya kai garke rabin hanyar mashaya, wannan abu ne da ake aunawa da tafiya. Amma ya kula da garken rabi-rabi, ido ɗaya kan shanu ɗaya kan hira a gindin gawo, wannan wani abu ne daban. Idan shanun suka bar burtali suka faɗa gonar gero, mai gari ba zai ce a biya rabin ɓarna don rabin hankalin makiyayin ne ya tafi ba. Geron da aka ci an cinye shi duka, kuma da shi mai gona ya yi niyyar ciyar da iyalinsa har damina mai zuwa.

Hausa ba ta da ɗafa-goshi mai yin aikin semi, amma tana da dabarunta. Mukan maimaita kalma don rage mata ƙarfi: ja-ja, fari-fari, ruwa-ruwa, barci-barci, sama-sama. Mukan ce kwarya-kwaryar walima idan taron bai kai a kira shi biki ba. Masu fassarar labarin wasanni kuma da suka gamu da semi-final ba su ce "rabin ƙarshe" ba, sai suka ce wasan kusa da na ƙarshe, kuma sun yi daidai, domin semi ba kullum take nufin rabi ba. A semicircle rabi ne cif, ana iya auna shi da zare. A semi-annual ma'anarta sau biyu a shekara. A semi-arid, wadda masana yanayi ke siffanta ƙasarmu ta Sahel da ita, ma'anarta abin da ya doshi bushewa amma bai kai hamada ba. Semi-active, idan an faɗe ta a kan mutum, tana cikin wannan rukuni na uku, kuma a nan babu zare babu sikeli. Wanda ke zuwa taro tara cikin goma zai iya kiran kansa da ita, haka ma wanda ya zo sau ɗaya ranar rabon kaya. Wannan rashin awo shi ya sa ta zama mafaka.

Tun kafin a haifi Ingilishi wani Bagirke ya yi tunani a kan wannan matsala. Aristotil, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin Miladiyya, ya bambanta abin da zai iya kasancewa da abin da ya riga ya kasance. Malaman falsafa masu rubutu da Larabci, irin su Farabi da Ibnu Sina, suna kiran na farko bil-ƙuwwa, na biyu bil-fi'ili. Masu rubutu da Latin suka kira na biyun actus, kuma daga nan active ta tsiro. Irin geron da ke cikin rumbu gona ce bil-ƙuwwa. Sai ya ƙara wani bambanci da ya fi shafarmu, ya ce ayyuka iri biyu ne. Akwai aikin da manufarsa tana can gaba, kamar gina ɗaki ko tafiya: wanda ya taso daga Damagaram ya isa Tanut ya ci wani yanki na hanyar Agadas, amma bai je Agadas ba tukuna. Irin wannan ya ɗauke shi aiki marar cika, domin muddin ana cikinsa bai kammala ba, da ya kammala kuma ya ƙare. Akwai kuma aikin da yake cikakke a kowane lokaci na yin sa, kamar gani: wanda yake kallon wata ya riga ya ga wata, ba sai ya jira ƙarshen kallon ba.

Semi tana zama daram a kan iri na farko. Rabin gini gini ne, gobe a ɗora. A kan iri na biyu kuwa ba ta da wurin zama, kuma a ganina yawancin ayyukan da mutunci ya rataya a kansu na iri na biyu ne. Riƙon amana ba ya da rabin hanya: wanda aka ba ajiyar jaka ɗari ya taɓa goma ya ci amana, ko da ya mayar da casa'in ba a rasa ko dala ba. Shaida a gaban alƙali haka take, wanda ya faɗi rabin abin da ya gani ya haɗiye rabin da zai kuɓutar da wanda ake zargi, ya ɗaure shi da kalmomin da kowacce gaskiya ce. Matsalarmu ita ce muna aron ma'aunin gini mu auna amana da shi.

Yanzu mu je wurin injiniyoyi, domin su sun ba kalmar ma'ana mai iyaka. A wurinsu na'urori kashi uku ne: mai karɓa kawai, mai aiki da ƙarfin kanta, da ta tsakiya. Misali mafi kusa shi ne abin da ke shanye girgizar mota, wanda makanikai ke kira shok. Na gargajiya mai karɓa ne kawai, taurinsa ɗaya ne a kan kwalta da kan hanya mai gargada. Mai cikakken aiki yana da famfo ko inji da ke tura jikin motar sama ko ƙasa, yana da tsada, yana kuma shan makamashi. A 1974 wani injiniya Ba'amurke, Dean Karnopp, da abokan aikinsa suka bayyana hanya ta uku: shok da ba ya iya tura komai, amma yana iya canza ƙarfin tirjiyarsa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, gwargwadon abin da hanya ta kawo. Shi ne suka kira semi-active. A 2002 motar Cadillac Seville STS ta fito da irinsa mai suna MagneRide, wanda man cikinsa ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe. Idan aka sakar masa maganaɗisu sai man ya yi kauri nan take, idan aka janye ya koma ruwa.

A lura da abin da semi take nufi a nan. Wannan na'ura ba ta aiki ranar Litinin ta huta ranar Talata. Akwai abu guda da ba ta iyawa, an san shi, an rubuta shi, an ƙera sauran motar bisa saninsa. Abin da take iyawa kuwa tana yin sa ba ƙaƙƙautawa muddin taya na juyawa. Wannan shi ne rabi mai mutunci, kuma ina ganin irinsa a cikin mutane: tsohon da ƙarfinsa ya ƙare ba ya iya riƙe hauya ranar gayya, amma ya ɗauki nauyin tulun ruwa bai bar shi ya bushe ba har la'asar, mai jego da ta ce ba za ta iya zuwa taron asusu ba, amma zubinta bai taɓa makara ba.

Ma'ana ta biyu a wurin injiniyoyi ta fi nauyi a zuciya, domin ta fagen yaƙi ce. Makamai masu linzami su ma kashi uku ne. Sidewinder mai karɓa ne kawai, zafin injin jirgin abokan gaba yake bi. AMRAAM yana ɗauke da na'urar rada tasa, yana haska abin harinsa da kansa. Sparrow kuwa semi-active ne: yana da kunnen jin amsa-kuwwar rada amma ba ya aika ta, dole jirgin da ya harba shi ya ci gaba da haska abin harin har ya isa, in ya kau da kai makamin ya ɓata. Akwai masu bin hasken leza a kan wannan tsari, kamar yawancin nau'o'in Hellfire, wanda jirage marasa matuƙi irin MQ-9 Reaper ke ɗauka. Irin waɗannan jirage ne Amurka ta girke a sansaninta na Agadas kafin ta fice a 2024. Wanda ke haska lezar ba dole ne ya zama wanda ya harba ba. Yana iya zama soja ne a kwance a bayan tudu, da ƴar na'ura a hannu, bai taɓa kunamar bindiga ba.

Ga mutum biyu ke nan, kowanne da hujjarsa. Ɗaya zai ce ni ban harba ba, nuni kawai na yi. Ɗayan zai ce ni ban zaɓi kowa ba, inda aka haska nan makamin ya je. Idan aka bi lissafin kasuwa kowanne rabin kisa ya yi. Amma wanda makamin ya sauka a kansa ya mutu gaba ɗaya, kuma da ɗayansu ya janye hannu da yana raye. Abin da ba ya faruwa sai da kai, ba ka da damar cewa rabinsa ne naka. Kakanninmu sun san haka da suka ce da ɗan gari akan ci gari; ba su ce ɗan garin rabin maci amana ne don bai hau doki ba.

Duniya ta ga wannan a fili a Ruwanda. A 1994, cikin kwana kusan 100, an kashe mutum kimanin 800,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mafi yawansu Tutsi. Gidan rediyon RTLM bai riƙe adda ba. Masu magana a cikinsa sun riƙa karanto sunayen mutane, da wuraren da suka ɓuya, har da lambobin motocinsu, masu adda a shingayen hanya kuma rediyo na kunne. A Disamba 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta sami Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza, waɗanda ke cikin masu kafa gidan, da Hassan Ngeze mai jaridar Kangura, da laifi. Nahimana malamin tarihi ne a jami'a. An yanke masa ɗaurin rai da rai, kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa shekara 30 a 2007, amma ba ta wanke shi ba. Dokar Faransa ma, tun kundin hukunta laifuka na 1810, ta tafi a kan cewa mai taimaka wa laifi yana fuskantar hukuncin da mai aikata shi ke fuskanta.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin manya ne da na nesa. Kowannenmu yanzu yana ɗauke da na'urar haskawa a aljihu. Hoton wani bawan Allah ya shigo maka a WhatsApp, an rubuta a ƙasa wai ɓarawon yara ne, ko wai ya yi ɓatanci, ga sunansa ga unguwarsu. Ba ka san shi ba, ba ka bincika ba, ka tura wa rukuni biyar. Idan gobe aka taru aka yi masa rotse, za ka ce kai dai turawa ka yi. Masu jifan su ma za su ce su dai abin da suka gani a waya suka bi. Haka mai kai tsegumi wurin shugaba har a kori abokin aikinsa, haka mai nuna wa ɓarayi gidan da aka sayar da sa jiya. Duk waɗannan a bakinsu semi ne, a aikinsu kuwa su ne idon makamin.

Akwai rabi na uku, wanda ya fi yawa a cikinmu, kuma da yake ba ya zubar da jini ba a cika ɗaukarsa laifi ba. Shi ne na mai riƙe gurbi ba ya cika shi: sunansa na cikin kwamitin kula da famfon unguwa amma ba a ganinsa sai ranar da baƙi za su zo, malamin da ke shiga aji kwana biyu cikin biyar ya karɓi albashin wata cif, uban da ke aiko kuɗin cefane ba fashi amma bai san ajin da ɗansa yake ba. Za a ce mini da babu gara ba daɗi. Wannan karin magana gaskiya ne a kan tuwo, amma ba kullum yake gaskiya a kan gurbi ba. Ɗan kasuwar da ya san shagonsa ba mai gadi zai shimfiɗa tabarma ya kwana a ciki. Wanda ya ɗauki mai gadi mai yin barci daga tsakar dare zai tafi gida hankalinsa kwance, kuma shi ne za a yi wa sata. Kujerar da babu kowa a kai ana neman mai hawa, wadda aka ɗora wa hula aka tafi kuwa kowa zai kewaye ta. Cutar mai rabin zama ita ce yana hana a nemi wani, yana kuma sa a dogara da abin da babu.

Dole in saurari mai ja da ni, domin yana da magana mai ƙarfi. Zai ce babu ɗan Adam da ke iya zama cikakke a ko'ina. Mutum ɗaya uba ne, ma'aikaci ne, maƙwabci ne, ɗan ƙungiya ne, ɗa ne ga tsofaffi masu bukata, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Idan aka ce ko duka ko babu, ƙungiyoyi za su watse, domin masu ba da ɗan abin da suka samu su ne mafi yawa, kuma da su ake tafiya. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Ƙungiyar da ba ta karɓar kowa sai mai ba da ransa duka takan ƙare da mutum uku masu zargin juna. Abin da nake tuhuma ba ƙarancin abin da mutum ya bayar ba ne. Tsohon nan mai tulun ruwa ya ba da kaɗan ƙwarai. Bambancinsa da mai gadi mai barci shi ne ya faɗi iyakarsa tun da safe, aka tsara aikin bisa ita, ya kuma cika abin da ya ɗauka. Wanda ya ce "Asabar kawai nake iyawa" kuma kowace Asabar aka gan shi, ya fi mini wanda ya ce "ina tare da ku kullum" sannan aka riƙa cigiyarsa.

Mai ja zai ƙara da cewa ai ko alƙali ba ya yi wa kowa hukunci ɗaya, yaron da aka aika ya leƙo hanya ba daidai yake da wanda ya tsara fashin ba. Haka ne, laifi yana da matakai. Amma a duba abin da alƙali ke aunawa: me mutum ya sani, me ya nufa, yana da ikon ƙi ko tilasta masa aka yi, shekarunsa nawa. Ba ya ɗaukar laifin ya kasa shi kashi-kashi bisa yawan hannuwa kamar ana rabon gado, ta yadda idan mutum goma suka kashe ɗaya kowanne zai tashi da ushiri. Da haka ne, da hanyar kuɓuta daga kowane laifi ita ce gayyato jama'a. Alhaki ya fi kama da sirri: idan mutum goma suka san shi, kowannensu ya san shi duka. Wanda bai sani ba, ko aka yaudare shi, nauyinsa yana raguwa saboda rashin sanin, kuma wannan ne ya sa bincike kafin turawa ya zama wajibi a kan mai waya, domin wanda ya ƙi bincike da gangan ya zaɓi rashin saninsa ne.

Akwai kuma wata alama da ke tona asirinmu. Ranar yabo babu mai cewa shi semi ne. Idan famfon ya yi shekara bai lalace ba aka zo da kyamara, duk ƴan kwamiti za su jeru, har mai hular kan kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya sa hannu yana da gaskiya idan ya ce mun ɗora ta, ba ya cewa na ɗora kashi ɗaya cikin takwas. To in haka ne ranar da jinkar ta zauna, haka ya kamata ya kasance ranar da ta rufto a kan mutane don wani ya sassauta hannunsa yana zaton sauran sun riƙe.

Saboda haka idan aka ce in fassara semi-active da Hausa, ba zan ba da kalma ɗaya ba, domin Ingilishi ya cusa abubuwa uku a buhu guda, mu kuwa muna da sunan kowanne. Mai faɗin iyakarsa ya cika ta, shi ne mai ba da gwargwadon hali, kuma ya cancanci godiya ba tare da an riƙa yi masa gorin abin da bai iya ba. Mai riƙe gurbi yana fakewa, ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ne, kuma alherin da zai yi wa jama'a shi ne ya ɗauke hularsa a ba wani kujerar. Mai haska wa wasu su yi ɓarna kuwa, ɗan garin nan ne da ake cin gari da shi. Duk wanda ya ce mini shi rabi-rabi yake a cikin wata harka, ko ƙungiya ce, ko aiki, ko renon ƴaƴa, tambayoyin da zan yi masa su ne waɗanda nake yi wa kaina: wane rabin ka ɗauka, wa ka bar wa ɗayan, kuma shi wanda ka bar wa ɗin ya san ka bar masa?